Allurar ciwon daji: saƙo da huhunsa

Duk wanda ya taɓa fataucin goro ya san abu guda. Goro ba ya tafiya tsirara. Sai an shimfiɗa ganye, an jera goro, an rufe, an ɗaure huhu tamau. In huhu ya yi kyau, goro ya iso kasuwa ɗanye. In huhu ya ɓaci, ko goron ya fi na kowa kyau, busasshe za a kwance.

Masana magani a Amurka da Jamus da Kanada sun gamu da irin wannan matsala. Sun gano wani saƙo da za a aika cikin jikin mai ciwon daji. Amma saƙon ba ya jure tafiya. Sun yi shekaru fiye da 20 suna neman huhun da zai kai shi. Wanda ya iya rubuta saƙon daban, wanda ya iya ɗaure huhun daban, mai kuɗin gwaji daban. Dole ta sa suka gama kai.

Sojojin jiki da ɓarawon gida

Jikin mutum an gina shi da ƴan ƙananan ƙwayoyi, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu. Suna haihuwa, suna tsufa, suna mutuwa, kowace bisa ƙa'ida. Wani lokaci wata ƙwaya takan ɓata. Ta yi ta haihuwa ba tsayawa, har ta zama ƙari, ta ci naman da ke kusa, ta yi ƙaura zuwa hanta ko ƙashi. Shi ne ciwon daji. Wasu suna ce mashi sankara, likitoci suna ce mashi kansa.

Cikin jini akwai sojojin jiki. Aikinsu su kashe baƙon da ya shigo, kamar ƙwayar ƙyanda ko ta tarin fuka. Baƙo ba shi da wuyar ganewa. Amma ciwon daji ba baƙo ba ne, ɗan gida ne. Soja ya gan shi, ya ɗauka nasu ne, ya wuce. Bayan haka ciwon yana da wani makirci. In soja ya gane shi, sai ya sa ma sojan dabaibayi, ya hana shi motsi.

To, maganin wannan iri biyu ne. A kwance ma soja dabaibayi. A kuma nuna mashi kamannin ɓarawo. Na farko an samu. Wani Ba'amurke, James Allison, da wani mutumin Japan, Tasuku Honjo, su suka gano yadda dabaibayin yake. An ba su babbar kyautar Nobel a 2018. Ɗaya daga cikin magungunan da ke kwance dabaibayin shi ne Keytruda, na kamfanin Merck, wanda ya fito a 2014. Na biyu, wato nuna kamannin ɓarawo, shi ne aikin allurar da ake magana.

A lura da kyau. Wannan ba rigakafi ba ce irin ta yara. Rigakafi mai lafiya ake yi ma, don kada ciwo ya zo. Wannan kuwa wanda ciwon ya riga ya kama ake yi ma, yawanci bayan an yi mashi aiki an cire ƙarin, don kada ya dawo.

Dabarar ba ta yau ba ce

A 1891 wani lokotoro na birnin New York, William Coley, ya lura da wani abu. Wani mai ciwon daji ya yi mugun zazzaɓi, bayan zazzaɓin sai ƙarin ya narke. Sai Coley ya shiga sa ma marasa lafiya ƙwayoyin cuta da gangan, don sojojin jiki su farka. Wasu sun warke. Wasu cutar da ya sa masu ta kashe su. Daga baya ya koma aiki da matattun ƙwayoyi. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda da shi ba.

Akwai kuma allurar da kowace uwa ta sani, BCG, wadda ake yi ma jariri a hannu ta bar tabo. Faransawa biyu, Calmette da Guérin, suka haɗa ta don tarin fuka, aka fara aiki da ita a 1921. A 1976 wani lokotoro a Kanada, Alvaro Morales, ya gwada ta ga masu ciwon daji na mafitsara. Sai dai ba a hannu ake yi ba. Ana sa siririyar roba, a zuba maganin cikin mafitsara kanta, sau ɗaya a sati, har sati 6. Sojojin jiki su taru wurin, su far ma ciwon. Har yanzu ana aiki da wannan hanya. Magani ɗaya ne da na jariri. Inda aka kai shi ne ya canza aikinsa.

Saƙo mai haruffa huɗu

Kowace ƙwayar jiki tana da littafi a cikinta. In tana son yin wani abu, sai ta kwafi layi ɗaya daga littafin a ƴar takarda, ta aika wurin aiki. A karanta, a yi abin, a yaga takardar. Wannan ƴar takarda masana suna rubuta sunanta mRNA. Haruffanta huɗu ne kacal, amma da su ake rubuta komi.

Tunanin masana shi ne: me zai hana a rubuta irin wannan takarda a ɗakin bincike? A sa kamannin ciwon daji a ciki, a aika ma jiki. Jiki ya karanta, ya zana kamannin, ya nuna ma sojoji.

Faɗi ya fi yi sauƙi. Wata mata, Katalin Karikó, ɗiyar mahauci ce daga ƙasar Hangari. Ta koma Amurka a 1985. Ta duƙufa kan wannan saƙo a Jami'ar Pensilbaniya. Masu ba da kuɗin bincike ba su ga amfanin aikin ba. A 1995 jami'ar ta rage mata matsayi. Ba ta bari ba. Ta gamu da wani masanin sojojin jiki, Drew Weissman, a wurin injin kwafe takardu. Ita ta iya rubuta saƙo, shi ya san halin sojoji. Suka haɗa aiki.

Matsalar da ta tare su ita ce, duk saƙon da suka sa ma dabba, jiki sai ya ɗauke shi baƙo, ya yi kumburi. A 2005 suka gano maganin abin. In aka musanya harafi ɗaya cikin huɗun nan da wani mai kama da shi, jiki ba ya tayar da hankali. Sai a 2023 aka ba su kyautar Nobel.

Amma saura babbar matsala. Saƙon ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Cikin jini, da bisa fata, har cikin yawu, akwai abubuwan da ke cinye shi nan take, kamar yadda gara take cin takarda. Ko ya tsira, ba ya iya ratsa bangon ƙwayar jiki shi kaɗai. In aka yi ma mutum allurar saƙon tsirara, mafi yawansa ɓacewa yake yi bisa hanya.

Masu ɗaure huhu

Maganin wannan ya fito daga wani wuri dabam. A birnin Bankuba na Kanada akwai wani malamin jami'a, Pieter Cullis. Tun wajen 1980 shi da almajiransa suke aiki kan ƴan ƙananan ƙwallayen mai. Nufinsu su ƙunshe maganin ciwon daji mai dafi a ciki, don ya isa wurin ƙari bai ɓata zuciya ko wani wuri ba. Bangon ƙwayar jiki da mai aka yi shi. Mai kuwa yana shiga mai.

Ƙwallon nan ƙarami ne ƙwarai. Sai an jera wajen dubu kafin su kai kaurin gashin kai guda. Mai iri huɗu ake haɗawa. Biyu suna riƙe da bango. Ɗaya yana hana ƙwallayen manne ma juna. Na huɗu shi ne mai wayo, shi ya ci shekaru kafin a same shi. Cikin ruwa mai tsami yana kama saƙo ya riƙe. Cikin jini, inda ba tsami, yana kwantawa shiru, ba ya cutar da mutum. In ƙwayar jiki ta haɗiye ƙwallon, takan sa shi cikin wata ƴar jaka mai tsami. Nan sai man ya sake farkawa, ya huda jakar, saƙo ya fito. Huhu ne mai kwance kansa in ya iso kasuwa. Duk da haka, kaɗan ne daga cikin saƙon yake samun fita. Sauran yana lalacewa cikin jakar. Masana suna nan suna neman gyaran wannan.

A 2009 Cullis da abokansa suka kafa kamfanin Acuitas. Ba ya sayar da magani. Sanin ɗaure huhu kawai yake ba da haya. Ɗakin binciken Weissman ya yi aiki da ƙwallayensu. A 2018 Amurka ta ba da izinin magani na farko da aka ƙunshe cikin irin wannan mai, Onpattro, na wani ciwon gado. Da annobar korona ta zo a 2020, allurar kamfanonin Pfizer da BioNTech cikin huhun Acuitas ta yi tafiya. Mutane da yawa sun ɗauka cikin wata 11 aka ƙirƙiro ta. Gaskiya ita ce, don ciwon daji aka kafa BioNTech a 2008, a birnin Mainz na Jamus. Miji da mata ne, Uğur Şahin da Özlem Türeci, likitoci ƴan asalin Turkiyya, tare da wani malami, Christoph Huber. Korona ta tarar da kayan aikinsu a shirye.

Kowa da allurarsa

Ciwon daji na Musa ba irin na Isa ba ne, ko da wuri ɗaya ya kama su. Kowane ƙari yana da nasa kurakurai cikin littafinsa. Kurakuran nan su ne kamannin ɓarawo. Saboda haka allurar mutum ɗaya ba ta yi ma wani. Kamar riga ce da tela ya auna.

Ga yadda ake yi. A cire ƙari, a ɗebi jini. A karanta littafin ƙari da littafin lafiyayyar ƙwaya, a gwada su. Kwamfuta ta zaɓi kurakuran da soja zai fi saurin ganewa. A rubuta su cikin saƙo ɗaya ko biyu. A ƙunshe cikin mai. A maido ma mai shi.

Maƙeri yana ƙera ruwan hauya, amma ƙota sai masassaƙi. Haka abin yake nan. Kamfanin Moderna na Amurka, wanda aka kafa a 2010, ya iya saƙo da huhu, amma ba shi da maganin kwance dabaibayi. Merck yana da Keytruda, yana da kuɗi, ya saba shirya gwaji cikin ƙasashe da yawa. A 2016 suka ƙulla yarjejeniya. Merck ya biya dalar Amurka miliyon 200. A 2022 ya ƙara miliyon 250, suka yarda su raba kuɗin aiki da riba daidai.

Sun yi gwaji kan wani mugun ciwon daji na fata, mai farawa kamar baƙin tabo. Ya fi kama Turawa. Ga baƙar fata ya fi fitowa a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce. Mutum 157 aka ɗauka, duk an riga an cire masu ƙari. Mutum 50 aka ba su Keytruda kaɗai. Mutum 107 aka ba su Keytruda da allura. Allurar tana ɗauke da kamanni har 34. Ana yinta a tsoka, sau 9, sati uku-uku tsakani. Daga tsoka ƙwallayen suna gangarawa zuwa kaluluwa, don kaluluwa barikin sojojin jiki ce. Bayan wata 18, cikin kowane 100 na masu allura, 79 suna raye ciwo bai dawo ba. Cikin masu Keytruda kaɗai, 62 ne. Illar da aka fi gani ita ce kasala, da ciwon wurin allura, da rawar ɗari.

Wannan labari ne mai daɗi, amma mutum 157 ba su isa a yanke hukunci ba. Shi ya sa a 2023 suka fara babban gwaji da mutum fiye da 1000.

Ƙarin da ya ƙetare teku

Bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka kwance. Ita ke ba da ruwan narkar da abinci, ita ke daidaita sukari cikin jini. Likitoci suna ce mata pankireyas. Ciwon dajin da ya kama ta yana cikin mafiya muni. Cikin mutum 10, wajen 9 ba su kai shekara 5. Ko an yi aiki an cire, yawanci sai ya dawo.

Wani lokotoro mai fiɗa, Vinod Balachandran, na babban asibitin Memorial Sloan Kettering a New York, ya sa ido kan ƴan ƙalilan da suka daɗe ba su mutu ba. Ya tarar sojojin jikinsu sun gane ƙarin da kansu. Ya ce to, sauran ma a koya ma nasu sojojin. Shi yana da marasa lafiya, ba shi da masana'anta. BioNTech yana da masana'anta a Jamus. Tun 2016 kuma BioNTech ya haɗa gwiwa da Genentech, wani kamfanin Amurka mai nasa maganin kwance dabaibayi. Su uku suka fara gwaji a Disamba 2019.

A New York ake yin aiki. A sa yankin ƙarin cikin jirgin sama zuwa Jamus. A karanta, a zaɓi kamanni har 20, a rubuta, a ƙunshe, a maido cikin sanyi. Daga ranar fiɗa zuwa allurar farko, wajen sati 9. Wannan kuma lokacin da korona ta tsai da jirage da yawa.

Huhun BioNTech ba irin na Moderna ba ne. A jijiya ake sa shi. Ƙwallon mai in ya shiga jini, hanta ce ke kwashe mafi yawansa, alhali ba can ake son saƙon ba. A 2016 masanan Mainz suka nuna in aka daidaita yawan mai da yawan saƙo, ƙwallon yana nufar saifa. Saifa cike take da ƙwayoyin da ke horar da sojoji. Harafin nan da Karikó ta musanya ma, a wannan allura sun bar shi yadda yake da gangan. Suna son ƴar hayaniya, don sojoji su farka.

Mutum 16 suka sami allurar. A 8 sojojin jiki sun amsa. A 8 ba su amsa ba. An buga sakamakon a 2023. Bayan wata 18, cikin waɗanda suka amsa ba wanda ciwo ya dawo ma. Da aka sake dubawa bayan shekara 3, 6 daga cikin 8 ɗin suna nan lafiya. Cikin waɗanda ba su amsa ba, 7 ciwo ya dawo masu. Abin lura shi ne, da yawa cikin waɗanda ba su amsa ba an cire masu saifa wurin fiɗa. Masana suna zaton saƙon ya iso, bai tarar da kowa gida ba. A 2023 aka fara gwaji na biyu da mutum wajen 260.

Gayyar da ake kai wa kotu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan gama kai irin gayyar noma ce, a ci tuwo a watse. Kowane kamfani yana riƙe da takardar mallakar dabararsa. A 2022 kamfanonin Arbutus da Genevant suka kai ƙarar Moderna, suka ce huhun nasu ne. A shekarar kuma Moderna ya kai ƙarar Pfizer da BioNTech kan saƙon.

An kuma sha faɗuwa. A 2014 kamfanin GSK ya tsai da gwajin wata allurar ciwon daji na huhun numfashi, bayan an gwada ta kan mutum fiye da 2000 ba ta nuna amfani ba. A 2010 Amurka ta ba da izinin Provenge, don ciwon daji na wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ana ɗibar sojojin jinin mutum, a kai su masana'anta, a horar da su, a maido. Tana ƙara ma mutum wajen wata 4. Kuɗinta dalar Amurka dubu 93, fiye da sefa miliyon 40 na lokacin. A 2014 kamfanin da ya yi ta ya karye.

Har ƙarshen 2025, hukumomin magani na Amurka da na Turai ba su ba da izinin sayar da allurar saƙon nan ba. A lokacin, cikin gwaji kaɗai ake samunta a can. A 2023 gwamnatin Ingila ta sa hannu da BioNTech don mutum har dubu 10 su shiga irin wannan gwaji kafin 2030. Saboda haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba ya ce allurar ciwon daji ce daga Turai, ƙarya yake yi.

Sauran tafiya

Ko an ba da izini, huhu na biyu yana nan: daga masana'anta zuwa ƙauye. Saƙon ba ya son zafi. Allurar korona ta Pfizer da farko sai cikin sanyi mai digiri 70 ƙasa da sifili ake ajiye ta. Firigon gidan likita ba ya kai haka. Kuma maganin da ake yi ma mutum ɗaya tak dole ya yi tsada.

Mutanen Nijar sun taɓa ganin gama kai da ya iso har ƙofar gida. Bayan annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe mutum wajen dubu 25 a ƙasashen Sahel, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka haɗu a 2001. Dabarar haɗa maganin ta fito daga wani ɗakin bincike na gwamnatin Amurka. Kamfanin Serum Institute na Indiya ya yi shi. Tun kafin a fara aka tsai da farashi: kada allura guda ta wuce rabin dalar Amurka, wajen tamma 250. A Disamba 2010 aka fara yinta a Burkina da Mali da Nijar. A 2012 aka yarda tana iya kwana 4 ba firigo, cikin zafi har digiri 40. Bambancin shi ne, wancan an shirya shi tun farko don talakan Sahel. Allurar ciwon daji kuwa don asibitocin masu arziki ake shirya ta. A Disamba 2023 BioNTech ya buɗe ginin masana'antar saƙon a Kigali, babban birnin Ruwanda, amma don rigakafin cututtuka masu yaɗuwa aka fi nufinta.

Akwai ciwon daji iri biyu da rigakafinsu ya riga ya samu. Yawancin ciwon daji na hanta a ƙasashen nan daga ƙwayar ciwon hanta yake farawa, wadda yaro yakan ɗauka tun yana ƙarami. Rigakafinta yana cikin allurar da ake yi ma jariri a sati 6, da sati 10, da sati 14. Ciwon daji na bakin mahaifa shi ma wata ƙwaya ke kawo shi, ana yi ma ƴan mata rigakafinta daga shekara 9 zuwa 14. Macen da ta ji ƙulli a nono, ko ta ga jini ba lokacinsa ba, da mai gyambon da ya ƙi warkewa, su je likita tun abin yana ƙarami. A Yamai akwai cibiyar yaƙi da ciwon daji, wadda ta fara gasa ƙari da haske a 2021.